Kaset 63 na rap da yayana ya bari, ta ina zan fara?

Autan_Hausare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai.

Satin da ya wuce Inna ta sa muka fitar da kayan ɗakin bayan gida nan Garwa saboda za a canja kwanon rufi kafin ruwa ya sauka, sai ga wani kwalin sabulu a ƙarƙashin tsohon gado, gara ta cinye gindinsa, da na buɗe kaset ne cunkus a ciki. Na babban yayanmu ne, Allah ya jiƙansa, shekara 9 kenan da rasuwarsa. Na zauna na ƙirga, guda 63. Inna cewa ta yi a ba yara su yi wasa da su ko a watsa a bola, wai kiɗan da ya hana ta barci shekara da shekaru ne ya dawo, ni kuwa na lallaɓa na kai ɗakina na tura bayan katifa.

Yawancinsu ba na kanti ba ne, irin wanda mutum ke sayen kaset marar komai ya ɗauka da kansa ne, TDK da Sony da Maxell, ya rubuta da jan bik a jiki. Wani an sa Rap US 93, wani Mix Duwala, wasu kusan goma an sa sunan tashar rediyon Africa N°1 da kwanan wata, akwai kuma guda ɗaya da ya rubuta da manyan baƙaƙe da Faransanci wai kar a goge, ya ja layi biyu a ƙasa. Ni lokacin da yake wannan harka ina ɗan firamare, abin da na iya tunawa kawai shi ne wandonsa mai faɗi da yadda yake zama gaban rediyo da dare yatsansa a kan madanni ba ya ko motsi, in ka yi magana ya harare ka.

Toh na yi wauta. Na aro tsohuwar rediyon maƙwabcinmu mai shayi na saka ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba sai murya ta fara ja kamar mai maye, kafin in kashe ta riga ta haɗiye zaren ta tauna, da ƙyar na zaro shi duk ya yamutse. Tun daga nan ban sake taɓa ko ɗaya ba.

Abin da nake nema shi ne yadda zan juye su cikin kwamfuta ba tare da na ƙarasa kashe su ba, na ga wata ƴar na'ura kamar wokman mai USB ana tallarta a intanet, tana da kyau? Sannan in na juye, ina so in yayyanke waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya in cire surutun masu rediyo da tallace-tallace don ya yi tsaf, sai in raba wa masu so, amma ban san inda ake sakawa ba. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Kawu_MaiGyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka ya sa ya huta.

Ƙanena, da farko kar ka sake saka ko guda a wata rediyo sai an duba ta. Ba kaset ɗin ne ya yi laifi ba, rediyon ce. Akwai wata ƴar taya ta roba a ciki da ke matse zaren a jikin wani siririn ƙarfe mai juyawa, su biyun ne ke jan zare daidai wa daida, santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, in robar ta bushe ko ta yi danƙo, ko kuma bel ɗin da ke juya ɓangaren da ke naɗe zare ya saki, toh zaren zai riƙa fitowa ba mai naɗe shi sai ya nannaɗe a jikin tayar. Shi ne abin da ya same ka. Na shekara 20 da wani abu ina gyaran rediyo a Marwa kafin waya ta kashe mana kasuwa, zafin watan Maris da Afrilu na ƙasar nan ba ya barin roba da rai, wani bel ɗin in ka buɗe za ka tarar ya narke ya koma kamar kwalta.

Waccan na'urar mai USB ni dai ban ba ka shawara ba. Na buɗe irinsu, cikinsu roba ce zalla, gudunsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka ji kiɗa yana rawa kamar ana kaɗa shi a ruwa. Gara ka nemi tsohon dek, wato babbar na'urar kunna kaset ta gida, irin na Sony ko Technics ko Aiwa, wajen masu kayan gwanjo ko tsoffin masu ɗaukar kaset na kasuwa, da yawansu suna nan sun jibge su a lungu. A canja bel, a goge kan da ke karanta zaren da ita tayar da auduga da ɗan sipirit, a bari ya bushe. Ka fara gwadawa da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba.

Su kuma kaset ɗin, kowanne ka ɗauka ka leƙa ƙasansa ta tsakiya, akwai wani ɗan soso ƙarami a kan ƙarfe mai laushi, shi ke danna zare a jikin kai. Gam ɗinsa na bushewa ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dishe. Ana cirowa daga wani kaset a manna. Sai ka sa bik ka juya a hankali ka ji ko yana tafiya ba tauri, in ya yi tauri kar ka tilasta, in gidan mai kusoshi ne ka kwance ka mayar da zaren cikin wani gidan mai lafiya. Kafin ka kunna ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya don ya saki jiki. Kuma ka ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na sama tun yanzu, in aka ɓalle su ko ka danna jan madanni bisa kuskure ba zai ɗauka ba. Wanda ka ga an rubuta C120, wato mai minti 120, ka bi shi da lallami, zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi ne ya fi saurin tsinkewa. Wanda ya yamutse ɗin ma bai mutu ba, ka naɗe shi a hankali da bik ka ajiye, wurin zai ɗan yi ƙara amma sauran na nan. Kar ka sa masa dutsen guga, kar ka shanya a rana, na ga masu yi.

Abu ɗaya da mutane ba su sani ba kuma shi ne rabin aikin: kusa da kan akwai wata ƴar kusa da ke karkata shi. Rediyon da yayanka ya ɗauka da ita ba lallai kanta ya zauna daidai da na dek ɗinka ba, shi ya sa za ka ji kamar an rufe sifika da bargo. Kana kunnawa ka sa ƙaramin sukudireba ka juya kaɗan-kaɗan, hagu ko dama, kunnenka na kan ƙarar faranti da harafin s, inda suka fi fitowa tar sai ka tsaya. Kowane kaset da nasa, haka za ka yi ta yi.

Daga bayan dek ka ja waya zuwa kwamfuta, amma ba ramin makirfo ba, wannan zai fasa sautin kuma yawanci kunne ɗaya yake ɗauka, ka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai ramin shigar layi. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ka sa 44.1 kHz, ka rage ƙarfi yadda ba zai taɓa ja ba, ya riƙa tsayawa wajen -6 a ma'aunin ƙarfin sauti. In ka ji wani gurnani a ƙasa ka zare cajar kwamfutar ka yi da batir, sau da yawa daga nan ne. Ka ajiye a fayil irin WAV ko FLAC, su ba sa rage ingancin sauti. Minti ɗaya na WAV wajen mega 10 ne, kenan C90 guda zai ci kusan mega 900, ka lissafa 63 ka ga irin faifan ajiyar da za ka saya. Kuma aikin ba ya gudu, kaset na minti 90 minti 90 zai ci, in aka ɗauke wuta a tsakiya ka sake daga farkon gefen.

Bappa237 ya rubuta:

Hhhh kai jama'a, duk wannan wahala a kan me? Waƙoƙin nan fa duk suna YouTube tsaf ba shuuu ba komai, ka rubuta sunan mawaƙi ka saurara shikenan. Ni namu tun ambaliyar 2012 ruwa ya tafi da su ban ko yi kewa ba. Allah ya jiƙan mamaci dai.

Tsohon_DJ_Njamena ya rubuta:

Bappa ka faɗi gaskiya rabi, kuma rabin naka ne ya sa na ce bari in sa baki, don abin da Auta ya ce zai yi ya tayar min da hankali. Auta, wai za ka yanke surutun masu rediyo ka bar waƙa? Wallahi ka juya abin. Waƙar ita ce ba ta da daraja a kaset ɗinka, ko'ina akwai ta kuma ta fi taka kyau. Abin da babu a ko'ina shi ne wannan surutun: muryar mai gabatarwa, gaishe-gaishen da ake karantowa, wane na sakandare kaza yana gaida wance, tallar sabulu, kiɗan shigar labarai, har da yadda tashar ke shuɗewa ta dawo saboda gajeren zango. Tashoshi da yawa ba su ajiye shirye-shiryensu na yau da kullum ba, zare tsada gare shi, ana gogewa a sake ɗauka a kai. Wanda ya danna madanni a ɗakinsa shi ya zama ma'ajiya ba tare da ya sani ba.

Ko can inda abin ya samo asali haka ne. Bikin da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta New York ranar 11 ga Agusta 1973 shi ake ƙirgawa a matsayin mafari, amma sai 1979 rap ya fara fita a faifai ya yi kasuwa. Toh tsakanin nan da me aka san abin da ake yi? Da kaset ɗin da mutane suka ɗauka a wuraren biki suna juya wa juna hannu da hannu. Karawar da Kool Moe Dee ya yi da Busy Bee a Harlem World a 1981 ta kaset ta zagaya, kofi a kan kofi har sauti ya dishe, kuma har yau ana sauraro. Haka shirin rediyo na Mr. Magic a WBLS da na Red Alert a Kiss FM, yara ne ke zama da yatsa a kan madanni kamar yayanka. Shirin Stretch Armstrong da Bobbito a WKCR, tashar jami'ar Columbia, daga 1990 zuwa 1998, da tsakar dare ake yi, su Nas da Jay-Z da Biggie sun shiga sun yi rap kai tsaye tun ba su zama abin da suka zama ba, masu tara kaset na neman waɗannan darare kamar zinariya kuma ba wanda ke yanke hirar, hirar ake nema.

Mu kuma na wannan ɓangare ta Faransa abin ya fi iso mu. Sidney ya yi shirinsa na hip hop a talabijin TF1 a 1984, sannan Dee Nasty da Lionel D a Radio Nova wajen 1988 zuwa 1989, nan su NTM da Assassin da MC Solaar suka riƙa zuwa suna karɓar makirfo. Solaar ɗin nan a Dakar aka haife shi a 1969 amma iyayensa ƴan Chadi ne, kar ka so ka ga yadda muke ƙafafa da shi a Njamena lokacin da faifansa na farko ya fito a 1991, kowa ya zama ɗan'uwansa. Daga baya kaset ɗin DJ Cut Killer na Faransa suka fara shigowa a jakar ɗalibai masu dawowa hutu, ga Positive Black Soul daga Senegal da suka nuna mana ashe ana iya yi da harshen gida. Kaset ɗaya zai sauka a Duwala, ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, ya bi mota ta Garwa da Marwa har Kusuri, kafin ya tsallako gada ya iso hannunmu an juye shi sau biyar ko shida, kowane juyi ƙarar shuuu na ƙaruwa, mu a lokacin mun ɗauka haka kiɗan yake. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kaset marar komai ya yi tsada, sai muka koma toshe ramukan sama da takarda muna ɗauka a kan tsoffi, ni da hannuna na goge abubuwan da yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Waɗanda ya rubuta Africa N°1 ɗin nan ka kula da su sosai. Tashar daga Gabon ta fara watsawa a 1981, da manyan na'urorin gajeren zango a Moyabi, a lokacin duk yankin nan ana kama ta. Tunda har ya sa kwanan wata, ya rage maka aiki. Ka juye kowane gefe ɗungurungum daga farko har ƙarshe, fayil ɗaya, kar ka wanke sautin da komai. In kana son mai tsafta ka yi kofi na biyu ka yi wasa da shi.

Mix Duwala ɗin kuma ina da kwaɗayinsa, in akwai rap ɗin Kamaru na farko-farko a ciki, irin zamanin su Krotal suna tasowa, ni ina da na Njamena da zan ba ka a madadi.

Maman_Iman ta rubuta:

Allah ya gafarta masa. Ni ba ƴar rap ba ce, amma na yi irin wannan aikin da kaset ɗin mahaifina na waƙoƙin Hausa da na Fulatanci da ya ɗauka a Rediyon Garwa da na Kaduna, toh bari in faɗi inda na yi tuntuɓe.

Kafin komai ka ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya da takardar cikinsa, ka ba shi lamba, ka rubuta lambar da fensir a jiki, sunan fayil ma ya fara da lambar. Ni ban yi haka ba, na juye wajen 30 sannan na rasa wanne ne wanne, sai da na sake bi ɗaya-ɗaya. Kuma ka ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a gidanku ba. Memori na waya ba wurin ajiya ba ne, nawa ya mutu rana ɗaya ba sallama.

Wajen rabawa, in ka sa a YouTube ko Facebook na'urarsu na gane waƙoƙin kamfanoni, sai su toshe ko su kashe sautin wurin, ka yi wahalar banza da kuɗin data. Masu tara irin wannan sun fi sakawa a shafin ajiya na Internet Archive, can ana iya sa FLAC ɗin da hoton kaset da bayani, duk da can ma in mai haƙƙi ya yi magana za su sauke. Don ƴan'uwa da abokai ka yi MP3, na minti 90 a 192 bai fi mega 130 ba, ka tura ta Telegram ko ta WhatsApp a matsayin dokima, wato fayil, yadda zai isa kamar yadda ka tura shi.

Sai dai dan Allah abu biyu. Kar ka yi irin na wasu da ke ɗora muryarsu a kai kowane minti biyu suna kiran sunansu da lambar waya don kar a sata, sun ɓata abin da ba su suka yi ba, kuma kar ka sayar. Na biyu, ka saurari komai kai kaɗai tukuna. A kaset ɗin babanmu na tarar da saƙon murya da wata gwaggonmu ta aiko daga Makka tana faɗin maganganun cikin gida, da na watsa kafin in ji da an yi rigima a dangi. Mutanen da kaset suke aika wasiƙa, ba ka san me ke gefe na biyu ba. In akwai muryar abokansa da ke raye ka tambaye su, wani yanzu liman ne ko babban ma'aikaci, ba lallai ya so a ji shi yana rap yana ɗan shekara 17 ba.

Autan_Hausare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Kawu da Yaya DJ da Maman Iman, har da kai Bappa. Na ɗan yi shiru ne saboda na shiga neman dek, na samu wani Aiwa wajen wani dattijo da ke ɗaukar kaset a babbar kasuwa a da, bel ɗin ya narke kamar yadda Kawu ya faɗa, mai gyara ya sa wani amma ya ce ba daidai girmansa ba ne, ina jin kamar yana ɗan sauri kaɗan don muryoyin sun yi siriri. Duk da haka na kasa haƙuri, bayan na gwada da wasu uku ba matsala na saka wanda aka rubuta kar a goge.

Jama'a ba waƙar Amurka ba ce. Shi ne da abokansa su uku ko huɗu, sun kunna kiɗa a wata rediyo suna ɗauka da wata, ana jin fanka tana juyawa da akuya a waje, suna rap da Faransanci suna sirkawa da Hausa da Fulatanci, ɗaya yana buga kiɗa da baki, in wani ya yi tuntuɓe su fashe da dariya su sake daga farko. Yayana yana ta maganar yajin malamai da rashin kuɗin moto, har ya ambaci sunana, wai auta ya sace masa batir. Ni ban ma tuna ba. Wajen minti 18 ana haka, sai ƙat, sai muryar malami yana tafsirin azumi. Ashe Baba ne ya ɗauka a kai, ya toshe ramukan da takarda, har yanzu takardar na ciki. Kar a goge ɗin da Faransanci aka rubuta, Baba kuwa ajami kawai yake karantawa.

Inna ta shigo tana faɗa wai na dawo da fitina, sai ta ji muryar, ta zauna bakin gado ba ta ce komai ba har tafsirin ya shigo. Da na kashe ta ce in mayar baya. Yanzu ita ke tambayata yaushe zan sa mata a waya, kuma ta ce kar in cire na Baba ɗin, a bar su tare yadda suke.

Ɗaya daga cikin muryoyin na gane shi, yana da shagon kayan gini yanzu a Ngaundare, zan kira shi kafin in ba kowa. Yaya DJ, Mix Duwala na nan lamba 22, sai na gyara gudun dek ɗin zan juye. Kawu, ya ake gane gudun ya zauna daidai in ba ni da kayan awo?

Kawu_MaiGyara ya rubuta:

Ka ciro wancan kaset ɗin ka ajiye, kar ka ƙara kunna shi sai ranar juyewa. Cikin 63 ɗin ka nemo na kanti guda, na kamfani, ka kunna wata waƙa a dek ka kunna ita dai a waya lokaci ɗaya, in dek ya riga waya ƙarewa toh yana sauri. A bayan motar dek ɗin, wato injin da ke juya bel, yawanci akwai ɗan rami da kusar saiti a ciki, da siririn sukudireba ake juyawa kaɗan, ka yi ta gwadawa har su riƙa ƙarewa tare. Amma bel ɗin nan in ya matse da yawa zai wahalar da motar, ka auna da zare ka turo min tsawonsa ta saƙo, ina da ragowar wasu a gwangwani, in akwai daidai shi zan ba direban motar Garwa ya kawo maka ranar Alhamis.